Abu na Bakwai a Takardar Umar Faruk

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan sallar asuba

Wannan littafin na injin ne. Shekara uku muna rubuta awo a cikinsa, abokina Umar Faruk da jan biro, ni da fensir. Yau na juya shi ta baya na fara nawa rubutun, tunda gaban ba shi da sauran amfani.

Ba zan rubuta maganar Asabar ba. Duk Gwandu tana da ita a waya.

Bakina har yanzu ɗanɗanon ƙarfe yake yi, wani zaƙi-zaƙi. Na yi asuwaki sau uku. Matata Hauwa ta dama mini kunun tsamiya, na kurɓa, kunun ma ya koma ƙarfe.

Litinin, bayan la'asar

Na buɗe rumfa don kada a ce na ɓuya. Tun safe ake zuwa, babu wanda ya kawo bokiti ko murhu a gyara. Kowa jaje, kowa da haƙora a waje. Sun raɗa wa abin suna Jirgin Maruda. Sau nawa zan gaya musu ba jirgi ba ne? Inji ne irin na jirgin sama, ɗan ƙarami, da muka haɗa da turbon tsohuwar tirela da tukunyar kashe gobara, a ɗaure a kan benci a gonar kawuna da ke Maruda. Babu inda za shi. Burinmu kawai ya kama da kansa, ya yi kukansa na minti biyu, mu kashe mu koma gida.

Sani mai shayi ya turo mini wayarsa har hanci, wai in ga yadda ya ɗauko mu da kyau. Ya ce, "Ai mu mun sani, Abdulhakeem, aikinka ba ya da aibu. Boko na yac ci Malam Umar Faruk. Lissahi ya yi mai yawa."

Na ce masa ya matsa, yana tare mini haske. Iyakar abin da na ce ke nan.

Talata, 15 ga Afrilu, da hantsi

Ban je Kalgo duba Umar Faruk ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan magariba

Na je. Motar da na shiga cike take da buhunan albasa, rabi ta fara ruɓewa saboda zafin nan, ruwanta yana bin ƙafafunmu tun daga Gwandu har Birnin Kebbi. Daga can na hau wata zuwa Kalgo. Na isa ina wari kamar juji.

Jiya aka sallamo Umar Faruk daga asibiti. Na same shi a zaure a kan tabarma, hannun dama a naɗe har gwiwar hannu, an ɗora a kan matashi. Hannun da yake riƙe alli da shi ke nan, shekara goma sha shida yana koyar da kimiyya a sakandare. Girarsa ta dama babu. A gabansa ga daro, a cikin daron ga bututun wuta, wanda yake zama a cikin tukunya wutar ta ci a cikinsa. Ko in ce abin da ya rage. Baƙi ƙirin, a yage ta gefe, bakin yagewar ya naɗe kamar busasshen ganye. Ni na yanka shi, ni na naɗe shi, ni na huda shi. Na zauna ta inda ba zan gan shi ba.

Ya ce, "Ɗan maƙera, ka iso? Ka yahe mani."

Na ce na me.

"Na kusa kashe ka. Kai ka yi aikinka yadda nic ce. Ni na ɓata lissahi wani wuri, ban dai gano inda shike ba tukuna."

Yana magana yana auna hudojin bututun ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, ma'aunin yana suɓuce masa, yana ɗauka. Ban taimaka masa ba. Hannuna ya ƙi zuwa wajen daron nan.

Matarsa Ruƙayyatu ta gaishe ni daga bayan ƙofa. Ta ce, "Malam Abdulhakeem, Allah shi saka da alheri. An ce kai kaɗ ɗauke shi bisa kahwaɗa har bakin titi." Ta turo fura da nono. Fura mai kyau, ta ji kayan yaji. Na shanye tas, ina jin kaina kamar karen da ya cinye naman gida aka kuma shafa masa kai.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da azahar

Na yi mazurari huɗu. Biyu sun karkace. Ni da nake yin mazurari ido a rufe tun ina aji uku.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci

Sule direba ya kawo mini takarda daga Kalgo. Rubutun hannun hagu ne, haruffan suna ta faɗuwa kan juna. Na kwafe ta nan:

"Ɗan maƙera, za mu sake. Wannan karon ba gardama, sai mun nemi kayan aiki na gaske. Ɗaya, almakashin kwano mai jan hannu, na yankan hagu. Biyu, mai koren hannu, na yankan dama. Uku, rola mai sanda uku ta naɗe ƙarfe. Huɗu, bakin dirila mai matakala. Biyar, fanci na sa alamar huda. Shida, gudumar da ba ta barin tabo. Bakwai, mayen ƙarfe, don kada masu shago su ba mu ƙarfen banza da sunan sitenles, ka san maye ba ya kama sitenles na gaske. Sai sabon farantin sitenles, kauri irin na da."

Mutumin da hannunsa yake ruwa a cikin bandeji, wai za mu sake. Wani lokaci taurin kansa yana ba ni haushi fiye da kowa a duniya.

Gardamar da yake nufi na san ta. Shekara uku da suka wuce ya kawo irin wannan jerin, na yi masa dariya a gaban mutane. Na ciro almakashin Baba daga bango, wanda ya ƙera da hannunsa daga sifirin mota tun ba a haife ni ba, na ce duk abin da ake kira kwano a ƙasar nan wannan ya yanka ubansa. A gidanmu ba a fara sabon aiki sai da shi. Ko da wani za ka ƙarasa, cizon farko nasa ne, da bismillah. Umar Faruk ya ninke takardarsa ya sa aljihu, ya ce gado ya fi shi.

Na karanta abu na bakwai sau da yawa. Bai san komai ba. Da ya sani, da ba haka zai rubuta ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, da hantsi

Sati ɗaya. Ɗanɗanon yana nan.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Birnin Kebbi, neman kaya. Kai, Allah wadan kasuwar kayan aiki ta yanzu. Komai fenti ne. Shago uku na shiga, kowanne a miƙo maka almakashi yana walƙiya kamar kayan lefe, ka ɗaga shi sama ka rufe bakinsa, ka hango rana ta tsakanin wuƙaƙen. Abin da haske yake wucewa ta bakinsa, ta ina zai yanka ƙarfe? Tauna zai yi. Wani na matsa sau biyu kawai ƙusar tsakiyar ta fara rawa. Mai shagon ya ce haka suke zuwa daga kamfani. Na ce to su koma.

A shago na huɗu na sami wani Hassan, mai ɗan tsoron Allah. Da ya ga ina duba bakin kaya ba fentin ba, sai ya shiga ciki ya fito da na ɓoye. Masu nauyi, bakinsu da ƙananan haƙora don kada su zame, ga gaɓa biyu da take ninka ƙarfin hannu. Na ɗauki ja da kore. Ya so ya haɗa ni da mai ruwan ɗorawa na yankan miƙe, na ce jan ma yana miƙewa in mai riƙon ya iya.

Bakin dirila mai matakala iri biyu ne. Na kankari ɗaya da farce, ruwan zinaren ya biyo farcena. Ɗayan bai ko gezau ba, shi na ɗauka. Gudumar roba kuwa warin ƙonanniyar taya take yi, tana barin baƙi a tafin hannu, na ajiye masa abarsa. Zan sassaƙa ta icen kirya da kaina. Rola babu ita a garin gaba ɗaya, sai an aiko daga Kano, kuma wadda ya nuna mini a waya sandunanta sirara ne kamar tsinken tsire. Ina da shaf uku, sandunan ƙarfe na tsohuwar mota, zan kai a goge mini su in haɗa tawa.

Sai farantin. Hassan ya jingina shi da bango, ya ciro mayen ƙarfe daga aljihu ya ɗora a kai. Mayen ya silale ya faɗi ƙasa.

Ya ce, "Ka gani? Na gaske na. In haɗa maka da mayen?"

Na ce ina da shi a gida.

Ba ni da shi a gida.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Ban ciro almakashin Baba daga bango ba. Karon farko a rayuwata. Na sa jan almakashin a kusurwar sabon farantin, na matsa. Ya wuce kamar kwali. Na sake matsawa, ya wuce. Na yi lanƙwasa, ya bi ni. Na ajiye shi na zauna a ƙasa.

Ashe abin da sauƙi haka. Ashe tafiyar rabin yini ce kawai zuwa Birnin Kebbi.

Talata, bayan azahar

Hauwa ta leƙo rumfa ta ƙofar baya, riƙe da wani farantin ƙarfe mai taunannen baki. Ta ce, "Malam, wanga da ab bayan rumbu, in ba ka so in ruhe akurkin kaji da shi, rana na kashe su." Na yi mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ta jingina shi a bakin ƙofa ta koma. Ga shi nan yana kallona.

To, bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Wannan shi ne farantin sitenles na farko, wanda Umar Faruk ya ɗauko tun daga Sakkwato a watan Fabrairu, ya rungumo shi a mota kamar jariri. Ya ce bututun wuta dole sai da shi, don shi kaɗai yake jure irin zafin nan. Na sa almakashin Baba, ya zame. Na danna da gwiwa, ya tauna. Na wasa shi, na sake, bakinsa ya ɓalle wuri biyu. Na koma kurfi da guduma, farantin ya yamutse. Na sa giranda, ta ƙone shi ya yi shuɗi, layin ya karkace. Kafin la'asar na lalata rabinsa, sauran bai isa ba.

Magana ɗaya ce ta rage in faɗa: almakashin Baba ya kasa. Ni da na yi wa Umar Faruk dariya a gaban mutane.

Sai na ɗauko farin kwanon da nake yin bokiti da shi, mai rufin tutiya. Almakashin Baba ya yanka shi lafiya lau. Na naɗe, na huda yadda ya zana, na goge da sanfefa har ya yi ƙyalli. Na gaya wa kaina murhun gawayi shekara nawa yake yi da wuta a cikinsa, balle minti biyu. Ranar da na kai masa, ya ɗaga shi a rana yana juyawa, ya ce, "Kai, hannun gado daban na."

Na rubuta. Ban huta ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Sule direba kuma. Sabon zane. Ya ce Malam ya ce a gaya mini ya gano kuskuren.

Wai hudojin ne suka yi yawa suka raunana bututun, shi ya sa ya yage. Don haka ya soke layi biyu na manyan hudojin baya. Ya ja musu layi da jan biro, ya rubuta a gefe: "Nan na ɓata."

Na juya littafin nan ta gaba. Ban daɗe ina nema ba, ga shi da rubutunsa na hannun dama, mai kyau, na shekara biyu da suka wuce: "Manyan hudojin baya su ne suke shigo da iskar da take sanyaya wuta. In suka yi kaɗan, zafin zai ci farfelar turbo tana tsaka da gudu, ta tarwatse." Har ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ranar ya ce mini ɓarɓashinta yana iya huda ƙofar mota.

Ke nan ya ɗauki lissafinsa mai kyau ya lalata da hannunsa, don ya gyara laifin da ba nasa ba. Kuma ya ce ranar da aka kwance bandeji za a gwada. Shi zai tsaya a kan makunnin gas, da hannun hagu, wanda ya rage.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da safe

Na kira shi. Na ce a mayar da hudojin, na karanta masa rubutunsa na da.

Ya ce, "Da su munka gwada, ɗan maƙera, ka ga abin da yaf faru. Wanda yar rubuta wancan bai ƙone ba tukuna."

Na ce ko ƙarfen ne.

"Wane ƙarhe? Wanda nis sawo da hannuna? Kai dai kana son ka wanke ni. Na gode, amma bari."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, ya jikin. Ya ce da sauƙi, sai dai ƙaiƙayi. Tir da ni.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan azahar

Hayaƙin waccan Asabar fari ne. Kafin komai ya faru, wani farin hayaƙi ya fara fita ta baya, mai zaƙi-zaƙi. Duk maƙerin da ya taɓa sa bokiti a wuta ya san warin tutiya in tana ci. Shi idonsa yana kan agogon zafi. Ni ina kallon hayaƙin. An yi numfashi biyar, ko shida. Kalma ɗaya ce, kashe. Amma in na ce kashe zai ce don me.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Rola ta haɗu. Tana naɗi sumul, ba ƙugu ko ɗaya. Ban ji daɗin komai ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, da hantsi

Na shimfiɗa sabon farantin, na auna bisa sabon zane, na bi da fensir ina sa alama. Sitenles yana son a huda shi a hankali, da mai, in ka yi masa gaggawa sai ya taurare ya cinye bakin dirilar. Na ɗiga mai. Na ɗora dirila a alamar farko. Na tsaya a haka har man ya gangara ya ɗiga a ƙafata.

Sani mai shayi ya wuce yana tambaya yaushe jirgi zai sake tashi, a ajiye masa kujerar gaba. Mutanen da suke wurin suka kwashe da dariya. Ina ƙyamarsu, amma su dariya kawai suka yi.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan la'asar

Hauwa ta kawo mini abinci rumfa, ba ta tafi ba. Sati guda ke nan ba ta yi mini doguwar magana ba.

Ta ce, "Ruƙayyatu ta kira ni. Ta ce ba ya cin abinci, sai takardu. Ya ce in lissahin bututu guda ya hi ƙarhinai, da wace huska za shi koma gaban ɗiyan mutane ya koya masu. Ya hwara zancen aje aiki."

Na ce Allah ya ba shi lafiya.

"Amin. Malam, ni ban yi boko mai nisa ba, amma na ga ranar da kak kai ƙarhen can bayan rumbu. Kuma na ga ranar da kaz zamna kana gugar kwanon bokiti har dare ya kusa. Ban taɓa ganin an goge bokiti ba."

Ta kwashe kwanukan jiya ta fita. Ba ta ko buga ƙofa ba, da ta buga da na ji sauƙi.

Rediyon Baba tana kan kantar rumfa tun rasuwarsa, ba ta magana. Na sauko da ita, na kwance bayanta, na ɓamɓare mayen ƙarfen da yake jikin lasifikar. Baƙi, zagayayye, ya kai girman bakin kofi. Na ɗora shi a sabon farantin, ya silale. Na ɗora shi a bokiti, ya kama har da ƙara.

Abu na bakwai ya samu.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan magariba

Kalgo. Na ɗaure kayan a buhu, har da rola, Sule yana ta mita wai na cika masa but.

Ya rame. Daron yana inda na bar shi, takardu sun kewaye shi. Da ya ga buhun sai fuskarsa ta washe kamar ranar da muka sami turbon. Ya ɗauko kwafin jerinsa, ya riƙe biro a hagu, ina fitarwa yana sa alama.

"Ja. Kai, ji nauyi. Kore. Wagga rola kai kay yi ta? Ta hi ta kamfani. Bakin dirila. Fanci. Gudumar kirya, ɗan maƙera ba ka barin halinka." Yana ta dariya. "Saura na bakwai."

Na ciro shi daga aljihu. Na ɗora a sabon farantin, ya silale ya faɗi kan tabarma.

Ya ce, "Madalla. Ba su cuce mu ba."

Ya sunkuya zai sa alama. Na ɗauki mayen, na miƙa hannu cikin daron da na yi sati biyu ina gudu, na kai shi jikin ƙonannen bututun. Ban ma ƙarasa ba ya fizge daga yatsuna. Ƙas.

Ya dubi wurin. Ya ajiye biro. Ya ɓamɓare mayen da hannun hagu, da ƙyar, ya sake kaiwa. Ƙas. Ya gwada ta ɗaya gefen, inda wuta ba ta ci ba. Ƙas.

Na gaya masa. Almakashin, kurfin, girandar, kwanon bokiti, sanfefa. Ban daɗe ba, ashe maganar gajeriya ce. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya jawo tsohon zanensa daga ƙarƙashin takardun, ya daɗe yana bin lambobin da yatsa.

Ya ce, a hankali, kamar da kansa yake, "Ke nan daidai na. Tun hwarko daidai na."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Har ya fara wani abu kamar murmushi. Sai idonsa ya faɗa kan hannun da yake kan matashi, murmushin ya tsaya a nan.

"Tutiya in tana ci tana hayaƙi," in ji shi. "Ka ga hayaƙi?"

Na ce na gani.

"Hwari?"

Na ce fari.

"Kahin ta hwashe?"

Na ce kafin.

Ruƙayyatu ta yi sallama daga bayan ƙofa, ta turo kwanon fura. Babu wanda ya taɓa shi. Ƙuda ya sauka a bakin faifan, na zuba masa ido don ba ni da wurin dubawa.

Ya ce, "Abdulhakeem, tashi ka tahi, kar mota ta ƙare maka."

Tun muna aji ɗaya a sakandare bai taɓa kirana da sunana ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, da safe

Ɗanɗanon ya tafi. Ban san me zan yi da hakan ba.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Shiru daga Kalgo. Sani mai shayi ya sake fara zancen boko ya ci Malam, na ce masa lissafin Malam daidai yake, ni na sa kwanon bokiti a inda aka ce a sa sitenles. A gaban mutum shida na faɗa. Sani ya tsaya da buta a hannu, baki a buɗe. Kafin azahar labarin ya kai har garin Malisa. Yau ma babu wanda ya kawo gyara.

Na ba Hauwa taunannen farantin ta rufe akurkin kajinta. Almakashin Baba na shafa masa mai na mayar da shi bango. Shi bai yi wa kowa ƙarya ba, bokiti aka ƙera shi ya yanka.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Sule direba ya sauke buhu a ƙofar rumfa, ya ce daga Kalgo, ba saƙon baki. Na kwance. Jan almakashi, kore, rola, bakin dirila, fanci, guduma, farantin. Na ce shi ke nan, ya mayar mini da kayana. Na zazzage buhun har ƙasa. Mayen ƙarfe babu.

A cikin rolar, tsakanin sanduna, ga takarda a naɗe. Tsohon zanen ne, na farko, da manyan hudojin baya dukansu. A ƙasa layi biyu da hannun hagu, ba sallama, ba ɗan maƙera, ba suna:

"Hudoji kamar na farko. In ka gama ka kawo, zan gwada shi da maye kafin in taɓa."

Shekara ashirin da bakwai in na ce masa ƙarfe kaza ne, bai taɓa ko ƙwanƙwasawa ba. Ban ga laifinsa ba.

Na goge alamomin fensir na wancan satin, na sake awo. Na ɗiga mai a alamar farko, na huda a hankali.